Tarihin Marigayi Alhaji Abubakar Imam, Malamin Da Ya Mai Da Magana Jari

 A yau za mu tashi daga Maraɗi, mu bi hanyar Ɗan Isa da Jibiya mu shiga Katsina, daga nan mu zarce Zariya, domin mu kawo muku tarihin wani bawan Allah wanda da yawa daga cikinmu mun san hajarsa amma ba mu san mai hajar ba. Duk wanda ya taɓa jin labarin Malam Zurƙe ɗan Muhamman, ko na akun da ya zama waziri, ko na Kalala da matarsa Kalalatu, to ya ci daga akushin wannan malami, ko da kuwa bai taɓa riƙe littafi da hannunsa ba. Wannan kuwa shi ne marigayi Alhaji Abubakar Imam, mawallafin Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, kuma editan Hausa na farko na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo.

Haihuwarsa da karatunsa

An haifi Abubakar Imam a shekarar 1911 a garin Kagara, wanda a lokacin yake cikin lardin Kwantagora, a yau kuma yake cikin jihar Neja ta Najeriya. Gidansu gidan malamai ne da asalinsu ya fito daga Borno. Mahaifinsa, Malam Shehu Usman, malami ne kuma alƙali, saboda haka yaron ya buɗe ido ya ga allo da tawada da littattafan Larabci, kuma da karatun Alƙur'ani ya fara kamar kowane ɗan Musulmi.

Yana da wa mai suna Malam Bello Kagara, wanda ya girme shi nesa ba kusa ba, yana koyarwa a Katsina. A hannun wannan wa nasa ya tashi, a can kuma ya shiga makarantar boko. A shekarar 1927 ya samu shiga Kwalejin Katsina, makarantar da Turawan Ingila suka buɗe domin horar da malamai, wadda ita ce mafi girma a duk Arewacin Najeriya a wancan zamani. A nan ya yi zamani da ɗalibai irin su Ahmadu Bello, wanda ya zama Sardaunan Sakkwato, da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya zama firayim ministan Najeriya. Ya gama a 1932, aka ba shi aikin koyarwa a makarantar Midil ta Katsina.

Abin lura a nan shi ne, ya fito da makullai uku a hannunsa: Larabcin da ya gada a gida, da Ingilishin da ya koya a kwaleji, da Hausar da ya tsotsa ya kuma ƙara gogewa da ita a Katsina. Ƴan kasuwa sun fi kowa sanin amfanin wannan, domin mai jin harshen masu kaya da na masu saye shi ke cin ribar da ta fi ta kowa.

Gasar 1933 da Ruwan Bagaja

A wancan lokaci akwai wani ofishin fassara a Zariya ƙarƙashin wani Bature mai suna Dokta Rupert East. Matsalar da ta dame shi ita ce, ana koya wa yara karatun boko da Hausa, amma in sun iya babu abin da za su karanta don jin daɗi, kamar a koya wa mutum tuƙi a hana shi mota. Sai a 1933 ya zagaya manyan garuruwa yana roƙon malamai su rubuta ƙagaggun labarai, aka sa gasa.

Abin bai zo da sauƙi ba. Malaman wancan zamani sun ɗauki alƙalami a matsayin kayan aikin addini da shari'a da tarihi. Tatsuniya kuwa a wurinsu aikin mata ne da yara, abin da kaka ke yi wa jikoki bayan an ci tuwon dare, bai kamata babban mutum ya ɓata tawada a kansa ba. Iyayenmu mata, ku lura da wannan wuri da kyau, domin hajarku ce aka raina, kuma ita ce wannan saurayi ɗan shekara 22 ya ɗauka ya kai ta inda ba a taɓa zato ba.

Daga wannan yunƙuri aka samu littattafai biyar da aka fara bugawa daga 1934: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na wansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East. Ku duba ikon Allah, biyu daga cikin biyar ɗin gida ɗaya suka fito.

Ruwan Bagaja labarin wani Alhaji Imam ne da ya bar garinsu ya shiga duniya neman wani ruwa da aka ce shi ne maganin ciwon ɗan sarki, domin ya wanke uban da ya riƙe shi daga wulaƙancin da aka yi masa a fada. A hanya ya yi ta gamuwa da wani hatsabibi, Malam Zurƙe, yau wannan ya damfari wancan, gobe wancan ya rama, daga wannan gari zuwa wancan. Duk wanda ya taɓa zuwa fatauci zai gane mutanen da ke ciki: mai masaukin da ba shi da amana, da dillalin da ke cin gaba ya ci baya, da baƙon da ya shigo gari da rawani babba da ilimi kaɗan. Wannan ya sa littafin ya shiga ran mutane nan da nan, don sun ga kasuwarsu da zaurensu da alƙalinsu a cikin takarda.

Wata shida a Zariya

Da East ya ga irin baiwar da Allah Ya yi wa wannan malami, sai ya nemi a ba shi aronsa daga Katsina. A 1936 Abubakar Imam ya tafi Zariya ya yi wajen wata shida, aka tara masa littattafan labarai na ƙasashe daban-daban, na Larabawa da na Indiya da na Turai, ya yi ta karatu yana rubutu. Abin da ya fito daga wannan zama shi ne Magana Jari Ce, littafi uku, waɗanda aka buga daga 1937 zuwa 1939.

Ga yadda ya ɗinka su. A littafi na farko akwai wani sarki mai suna Abdurrahman, da ɗansa Musa, da jikansa Mahmudu, da wani mugun waziri mai son sarauta. Sarki ya fita yaƙi, Musa na son ya bi sawu, waziri kuwa ya shirya masa tarko a waje. Wanda ya tsare yaron kuwa wani aku ne, wanda ba shi da takobi ba shi da garkuwa, sai baki. Kullum dare in Musa ya yi shirin fita, sai aku ya ɗauko labari ya riƙe shi da shi har gari ya waye. Da haka ya tsirar da ran ɗan sarki, aka kuwa saka masa da sarautar waziri. A littafi na biyu Waziri Aku ya kara da wani aku mai suna Haziƙ a gasar ba da labari, a na uku kuma ya zauna yana koya wa ɗansa Fasih sana'ar magana, kamar yadda uwa ke zaunar da ɗiyarta kusa da faranti tana nuna mata yadda ake awo da yadda ake karɓar mai saye.

Ba ɓoyayyen abu ba ne cewa da yawa daga cikin labaran nan sarinsu ya yi. Dabarar akun da ke hana mutum fita da dare ta fito ne daga wani tsohon littafin Indiya, wasu labaran daga Alfu Laila ne, wasu daga Kalila wa Dimna, wasu kuma daga tatsuniyoyin da wasu ƴan uwa biyu Jamusawa masu suna Grimm suka tattara. To amma sari daban, iya kasawa daban. Ku ɗauki labarin Kalala. A wurin Jamusawa, wata kuku ce maigidanta ya ba ta kaji biyu ta gasa wa baƙo, ta yi ta ɗanɗanawa tana kurɓar giya har ta cinye, sannan ta tsorata baƙon da wuƙar da maigida ke wasawa, ta kuma ce wa maigida baƙo ya gudu da kaji. Da labarin ya biyo ta hannun Abubakar Imam sai kuku ta zama matar gida, maigida ya zama wani sanannen makwaɗaici da kowa ya gaji da shi a gari, aka raɗa musu suna Kalala da Kalalatu, har mai sauraro zai rantse a unguwarsu aka yi abin.

Haka mai atamfa ke yi. Ba ita ta saƙa ba, daga nesa aka kawo, amma ita ta san zanen da zai karɓi amaryar Dakoro da wanda zai yi kwantai, kuma tela ne ke mai da yadi riga daidai jikin mai ita. Gwanintar Abubakar Imam ke nan. Ya cire abin da bai dace da addininmu da al'adarmu ba, ya sa karin magana inda ya dace, ya sa wa kowa irin bakin da ya kamace shi, bafade da bakin fada, ɓarawo da bakin ɓarayi, tsohuwa da bakin tsofaffi. Kuma ya yi rubutun ne yadda zai yi daɗi a kunne, don ya san a kowane gida mai karatu ɗaya ne, masu sauraro goma.

Jaridar kwabo ɗaya

A watan Janairu na 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, aka naɗa Abubakar Imam editanta na Hausa. Da farko wata-wata take fita, kuɗinta kwabo ɗaya. Don matasa su gane, kwabo 12 ke yin sule ɗaya, sule 20 kuma ke yin fam ɗaya, wato an yi mata kuɗin da talaka zai iya. Lokacin duniya na cikin ruɗani, jita-jita ta cika kasuwanni, har ana cewa za a miƙa ƙasar ga Jamus ta Hitila. A watan Satumba na wannan shekara Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, aka kwashi samari da yawa aka kai su fagen fama har ƙasar Bama, iyaye kuma suka matsu su ji halin da ake ciki.

A nan aikinsa ya ƙara nauyi. Dole ya samo wa Hausa hanyar faɗin abubuwan da ba ta saba faɗi ba, na jiragen yaƙi da majalisa da kasafin kuɗi da kiwon lafiya, yadda manomi da mai sayar da goro za su fahimta in an karanta musu. Ya kuma buɗe wa masu karatu fili suna aiko da wasiƙu suna faɗin abin da ke damunsu, abin da ba a saba gani ba a ƙasar da talaka ba ya ɗaga murya gaban hakimi. Ya riƙe wannan aiki kimanin shekara 12, kuma a cikin wannan lokaci ne, a 1945, aka kafa kamfanin Gaskiya a Zariya. Jaridar kuwa ta yi fiye da shekara 70 tana fita kafin ta tsaya.

Sai dai tarihi ba ya son a ɓoye masa komai. Jaridar ta gwamnatin Turawan mulkin mallaka ce, su ke biyan albashinsa, saboda haka akwai iyakar da ba zai iya tsallakewa ba, kuma ƴan siyasa masu zafin ra'ayi sun ga kamar tafiyarsa ta yi sanyi. Amma shi ma bai yi shiru ba. A 1943, ana tsakiyar yaƙi, ya je Ingila cikin tawagar ƴan jaridar Afirka ta Yamma, tare da su Nnamdi Azikiwe. A can ya gana da Lugga, Baturen da ya ci Arewacin Najeriya da yaƙi ya kuma shimfiɗa mulkin da ake bi ta hannun sarakuna, ya bayyana masa illolin tsarin, da baki da kuma a rubuce: yadda Turawa ba sa jin kowa sai sarakuna, da yadda ake danne talakawa, da yadda aka ƙi sauraron matasan da suka yi karatu. Labarin wannan tafiya shi ne ya zama littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi.

Siyasa da sauran ayyukansa

Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940, kuma a 1951 aka zaɓe shi ɗan majalisa, ya zauna a ta Kaduna da ta Legas. Amma siyasa ba ta riƙe shi ba. Bayan ƴan shekaru ya bar ta ya koma harkar littattafai, a daidai lokacin da aka tashi haiƙan kan yaƙi da jahilci, ana koya wa manya karatu a garuruwa da ƙauyuka. Daga baya ya yi aiki a hukumar ɗaukar ma'aikatan gwamnati, da kuma hukumar sauraron koke-koken jama'a, aikin da ba a ba mutum sai an yarda da amanarsa.

Duk da waɗannan ɗawainiyoyi bai ajiye alƙalami ba. Akwai Ƙaramin Sani Ƙuƙumi, akwai Ikon Allah wanda suka yi tare da East, inda suka bayyana halittun Ubangiji da yadda duniya take cikin Hausa mai sauƙi, akwai kuma littattafan addini, ciki har da tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Allah Ya yi masa rasuwa a Zariya ranar Juma'a 19 ga watan Yuni na 1981, yana da shekara 70. Bayan rasuwarsa, a 1989, aka buga tarihin rayuwarsa da ya bari, wanda Abdurrahman Mora ya tsara.

Yadda hajarsa ta iso mana

Mai karatu zai iya tambaya, to mu a Nijar ina ruwanmu da malamin da ya yi aikinsa a ƙarƙashin Ingila? Amsa ita ce, a lokacin da ake buga Magana Jari Ce a Zariya, a nan ɓangarenmu Turawan Faransa ba su yarda a koyar da komai da harshen gida ba. Yaron da aka kama yana Hausa a lakwal, sambol ake rataya masa, abokansa na yi masa dariya. Sai bayan samun ƴancin kai a 1960 aka fara karatun manya da harsunanmu, sannan a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Ke nan mun yi shekaru masu yawa muna magana da Hausa, muna ciniki da ita, muna waƙa da ita, amma ba mu da littafin boko namu da ita.

Waɗanda suka cike mana wannan giɓi, ba wasu ba ne illa fatake. Su ne ke zuwa Katsina da Kano sarin kaya, su dawo da ɗan littafi a cikin buhun goro ko ƙarƙashin bandir ɗin yadi. Ni kaina a Badar Gula na fara jin Ruwan Bagaja ina yaro, a bakin wani mai kanti da ya kawo shi daga Katsina, bangon ma ya cire, in an yi sallar isha'i ya kunna fitilar ƙwai ya karanta, mu yara a ƙasa, mata kuma daga bayan danga suna dariyar Malam Zurƙe. A lokacin babu wanda ya san sunan wanda ya rubuta shi a cikinmu. Daga baya gidajen rediyo suka yi ta karanta littattafan, gidan talabijin na Kaduna kuma ya mai da Magana Jari Ce wasan kwaikwayo a shekarun 1980.

A shekarar 2025 hukumomin ƙasarmu suka ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Wannan abin farin ciki ne, amma doka a takarda ba ta koya wa yaro karatu. Har yanzu za ka samu ɗalibin da ya kai aji na ƙarshe a kwaleji, yana karanta Faransanci tiryan-tiryan, amma in ka miƙa masa wasiƙar Hausa sai ya yi ta in'ina, ya kasa raba ƙ da k, ko ɗ da d. Uwarsa kuma, wadda ta biya kuɗin littafi da na alli daga ribar ƙuli-ƙuli da fura, tana da Hausa cike da ciki amma ba ta san baƙi ko ɗaya ba. Kowanne na riƙe da rabin dukiya.

Shawarar da zan bayar ba ta da tsada. Wanda duk ya je sari Maraɗi ko Katsina ko Kano, ya tambayi masu sayar da littattafai Ruwan Bagaja ko Magana Jari Ce na ɗaya, ya sa cikin kaya. In an dawo gida an ci abincin dare, a ba ɗan lakwal ya karanta da ƙarfi. Daren farko zai yi ta tuntuɓe, to a nan ne aikin uwa yake, domin ita za ta ji inda ya karya kalma ta gyara masa, ita za ta fassara masa karin maganar da bai sani ba. Shi ya kawo baƙaƙe, ita ta kawo harshe. Kafin a gama littafin yaro ya iya karatun Hausa, wataƙila ita ma ta fara gane sunanta a takarda, ta kuma samu mai rubuta mata bashin da ta bayar a kasuwa cikin harshen da za a karanta mata ta gane, ba sai ta dogara da ƙwaƙwalwa kaɗai ba.

Abubakar Imam bai bar rumbuna ko garken shanu da ake labari ba. Abin da ya bari shi ne littattafan da aka fara bugawa tun kakanninmu na samari, har yau kuma ana sayensu ana karantawa a makarantu da gidaje. Duk ɗan kasuwa ya san hajar da ta yi shekara 90 ana nemanta ba ƙaramar haja ba ce.

Allah Ya jiƙan Alhaji Abubakar Imam da rahama, Ya kai haske kabarinsa, Ya saka masa da alheri, mu kuma in tamu ta zo Ya sa mu cika da imani. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka.